Ranar da Baba Ya Leƙa Madubin Likita

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, har sunayen wasu jikokina sai na yi lalube kafin in kama. Amma ranar da na kai mahaifina sabon ginin binciken cututtuka na asibitin Tudun Wada, wannan kam ba zan manta da ita ba muddin ina numfashi.

Lokacin saura 'yan shekaru mu sami mulkin kai. Ni magini ne, ina da mata da 'ya'ya biyu, na fara da ginin ƙasa na koma na siminti. Da aka tashi yin wani sabon gini a gefen asibiti, ina cikin waɗanda aka ɗauka. Ba wanda ya gaya mana ko na mene ne. Ɗakunan ba su yi kama da na kwantar da marasa lafiya ba. Tagogi ne manya-manya, ga dogayen dakalai na siminti a jikin bango masu kai wa mutum ƙugu, ga famfo a kowace kusurwa. A unguwa magana ta yi yawa. Wasu suka ce wurin tara jinin mutane ne a kai ƙasar Turawa, wasu suka ce gawa za a riƙa yankawa a ciki. Ni da ake tambaya, sai in ce bulo kawai nake ɗorawa.

Akwai dakali ɗaya da aka sa na rushe har sau biyu. Baturen da ke duba aikin ya ɗora kofin ruwa a kai, ya sa aka buga ƙafa a ƙasa, ruwan ya ɗan motsa, ya ce a sake. Na koma gida ina ƙunƙuni, ina cewa wulaƙanci ne kawai.

A wannan shekarar Baba ya kwanta. Shi malami ne, manyan mutane ke ɗaukar karatu a zaurensa, 'yan kasuwa da ma'aikata, bayan asuba da bayan la'asar. Duk rani yakan tafi wa'azi ƙauyukan kudancin Zazzau. Wannan karon ya dawo da zazzaɓi da ciwon kai, ga kaluluwa ta fito masa a bayan wuya. Zazzaɓin ya lafa, sai barci ya maye gurbinsa. Yana cikin fassara, yatsansa a kan layi, sai ka ga kansa ya sunkuya. Ɗalibai su sadda kai, su jira ya farka. Wata rana da loma a hannunsa barcin ya ɗauke shi. Mutumin da duk unguwa ke jin muryarsa ya koma haka, abin ya fi ƙarfin zuciyata.

A gida aka yanke cewa sammu ne. Kuma ba a yi nisa wajen neman mai laifi ba, don akwai wani malami maƙwabcinmu da ya buɗe nasa zauren ba da daɗewa ba, wasu ɗaliban Baba sun koma can. Na yarda ɗari bisa ɗari. Na daina gaishe shi. Har wata Juma'a na tsaya a ƙofar gidansa, a gaban mutane, na gaya masa maganganun da ko yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Ya juya ya shige gida.

An buɗe ginin kenan aka kira ni in gyara wani shafe da ya tsage. Malamin asibitin da ke aiki a ɗakin, wani siririn Bakatsine mai farar riga, ya dube ni ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Ka rame." Na ba shi labarin Baba. Ya ajiye abin da yake yi ya tambaye ni ko ƙauyukan da Baba ke zuwa suna bakin rafi mai duhuwar itatuwa, ko kuma wuyansa ya kumbura. Na ce duka biyun. Ya ce, "Gobe da safe ka kawo shi."

Na zaci Baba zai ƙi. Ya dai tambaye ni, "Wurin nan da ake cewa ana tara jini?"

Na ce, "Baba, da hannuna na gina shi. Babu rami, babu ɗakin ɓoye."

Ya ce, "To mu je. Abin da ban gani ba, ba zan yi masa shaida ba."

A bayan keke na ɗora shi, ina turawa a hankali don kada barci ya kayar da shi. Malamin asibitin ya durƙusa ya gaishe shi, ya nemi izini, sannan ya soka wata siririyar allura a kaluluwar, ya zuƙo ɗan ruwan da bai kai hawayen ido ɗaya ba. Ya ɗiga shi a kan wani ɗan gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin likita, wanda ke zaune a kan dakalin nan da na sha wahala a kansa. Ya ce kada in jingina, don in wurin ya motsa ko kaɗan abin da ake nema zai ɓace. Sai a lokacin na gane dalilin kofin ruwa.

Ya daɗe yana murɗa wani ɗan ƙarfe, sannan ya ja da baya ya ce in duba da ido ɗaya.

Da farko haske kawai na gani, zagayayye kamar farin wata. Can sai na ga abu yana motsi. Wasu 'yan halittu ne sirara, masu kama da ƙananan kifaye, suna ta mutsu-mutsu, suna kaɗa jela, suna ture abin da ke gabansu. Na ɗago na dubi gilashin da idona, ba komai sai ɗan danshi. Na sake leƙawa, suna nan, suna ta harkarsu, ba su ma san da ni ba.

Malamin ya ce, "Ciwon barci ne. Ƙudan tsando ke sa su a jikin mutum in ya cije shi. Akwai allurarsa, kuma ina fata ba mu makara ba."

Baba ya ce shi ma zai gani. Muka riƙe shi ya miƙe, ya zame rawaninsa baya, ya sa ido. Ya daɗe yana kallo. Ba tare da ya ɗago ba ya tambaya, "Waɗannan rai gare su?"

"Rai gare su, Allah ya gafarta Malam."

"Suna ci, suna haihuwa?"

"Suna ci, suna yaɗuwa."

Da ya ɗago, hawaye na bin gemunsa. Ya yi tasbihi, ya karanto ayar da ke cewa Allah yana halittar abin da ba mu sani ba. Ya ce, "Shekara nawa ina fassara wa mutane ayar nan, ina kai hankalinsu sama da ƙarƙashin teku. Ashe ga ta a wuyana."

Aka ce gobe za a ba shi gado a fara allura. A hanyar komawa, mun kusa gida, ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya a ƙofar maƙwabcinmu. Ban san labarin abin da na yi ya kai masa ba. Ya ce, "Ka ga mai laifin da idonka. Yanzu shiga ka nemi gafarar wanda ba shi da laifi."

Na yi sallama, na durƙusa a zauren mutumin nan a gaban ɗalibansa, na nemi gafararsa. Ya kama hannuna ya ɗaga ni, abin da ya fara tambaya shi ne, "Yaya jikin Malam?"

Baba ya yi makonni a asibiti. Allurar tana da wuya, kuma hannunsa na hagu bai daina karkarwa ba har ƙarshen ransa. Amma barcin ya sake shi, ya koma zaurensa ya ƙara shekaru masu yawa yana ba da karatu.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, abin da idona ke gani a duniyar Allah ɗan kaɗan ne ƙwarai. Tun daga lokacin, in wata masifa ta same ni na rasa dalilinta, nakan ce ban sani ba, in tafi neman wanda ya sani. Ban sake ɗora wa wani bawan Allah laifin abin da ilimina ne bai kai ba.