Gidan da Ambo Rahing Bai Haye da Shi Ba

Daga wurin Allah muka fito, kuma can ne masaukin kowa. Da hantsin ranar Juma'a, 13 ga Oktoba, 2023, a ƙarshen watan Maulidi, Allah Ya karɓi ran Abdurrahim ɗan Lahaking, wanda ƙauyenmu na Salo Ase da maƙwabtansa suka sani da Ambo Rahing, mai ɗaga gidaje. Ya rasu a zaune a matakalar gidansa, shayin da aka kawo masa ko hucewa bai yi ba. Mijin yayata ne, marigayiya Indo Sennang. Daeng nake kiransa, yadda ƙani ke kiran wansa a wurinmu, shi kuma ya ce mini Ndi. Da wannan sunan zan yi masa magana, don bakina bai saba da wani ba.

Daeng, ranar da ka tafi ita ce ranar da ka sa za a ɗaga gidanka a haye rafi da shi zuwa sabon lardi. Kusan shekara ashirin kana jiran wannan Juma'ar. An riga an ɗaure gora a ƙarƙashin gidan, mata sun gama naɗe ayaba da madarar kwakwa a ganye, an ɗora romon kifi. Saura kawai a sauko daga masallaci.

Wanda bai gan ka a bakin aiki ba bai san ka ba. Gidajenmu na katako ne, a kan dogayen dirkoki suke tsaye. In za a tashi da gida, tun ana saura kwanaki kake zuwa, ka bi dirkokin ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasa su da bayan adda, kana kasa kunne kamar mai sayen kankana. Ka sa a kwashe tukwane da madubai, a ɗaure kabad a jikin bango. Ranar ɗauka kuwa ka jera maza a ƙarƙashin katakon, dogaye wuri ɗaya, gajeru wuri ɗaya, don kada wani ya sha nauyi wani ya sha iska. Ni kullum can baya kake tura ni. "Ndi, kai koma wutsiya," kake cewa a gaban kowa, "kafaɗar malamin makaranta alli kaɗai ta sani." Sannan ka ja da baya, ka gyara hula, ka ɗaga murya. Sai gida ya miƙe da rufinsa da tagoginsa da labulensa, ya kama tafiya a cikin karan shinkafar da aka girbe, ƙafafun mutane birjik a ƙarƙashinsa. In ka hango daga nesa a tsakiyar zafin rana, ƙafafun ba sa ganuwa, rufin kawai kake gani yana shawagi a kan gonaki.

Rafin da ya ratsa Salo Ase tun fil'azal iyakar gundumomi biyu ne, amma ba wanda ya damu da shi sai masu wanki. A shekarar 2004 aka yanke sabon lardin Sulawesi ta Yamma daga jikin lardinmu na Sulawesi ta Kudu, aka bi iyakar gunduma, iyakar gunduma kuwa ta bi rafi. Muka kwana a lardi ɗaya, muka tashi a biyu. Masallaci da kasuwa da maƙabarta suka faɗa sabon lardi. Gidanka da nawa, da ke filin iyayenmu ni da Sennang, suka zauna a tsohon.

Tun daga ranar hankalinka ya haye. Ba ka yi karatu mai nisa ba, rediyo ce makarantarka, amma komai da nauyi kake auna shi, har ƙuri'a. Na tuna yammacin da ka fara zayyana mini, muna zaune a inuwar ƙarƙashin gidanka.

"Ndi, gidan da mutum ɗari biyu suka ɗauka, in ka zame kafaɗarka wa zai sani? Na mutum arba'in kuwa, ko tari ka yi sai gidan ya ji a jikinsa."

Nufinka shi ne, mutanen sabon lardi ba su kai kashi ɗaya bisa shida na tsohon ba, amma a majalisar larduna kujera huɗu aka ba su, daidai da kowa. Mai neman shugabancin ƙasa kuma rinjayen ƙuri'a kaɗai ba ya isar sa, sai ya samu kashi ɗaya bisa biyar a fiye da rabin larduna. Kowane sabon lardi ke nan sabuwar ƙofa ce da sai ya tsaya ya yi sallama a bakinta.

Na ce maka, "Daeng, kai dai kana son wahalar da kanka. Mai neman shugabanci kawunan mutanen tsibirin Jawa yake ƙirgawa, inda jama'a ta fi yawa. Ku a taswirarsa ba ku fi kashin ƙuda ba."

Ka ce, "Ai gara kashin ƙuda da farar takarda. Ku nan kudu ko ƙudan bai san da ku ba."

Na ce sabon lardi sabbin ofisoshi ne da sabbin motoci ga manya, kuma babban birninsa ma yini guda ne a mota, kamar dai na da. Ka ce ka ji, amma in wakili ya ci amana yanzu, an san gidan uwarsa. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Ban taɓa kayar da kai ba, kai ma ba ka taɓa kayar da ni ba, Sennang ce ke raba mu da cewa abinci zai huce.

Da rani ya yi, rafi ya ja baya, mutane suka fara zuwa wurinka. Wannan yana son 'ya'yansa su nemi aiki a sabon lardi, wancan ɗan'uwansa ne ke takarar majalisa a can, wani kuma ganin maƙwabcinsa ya haye ne kawai. Duk ka ɗaga musu. Indo Cenning, wadda mijinta ya rasu a teku ya bar ta da yara, ba ta da ko gora ɗaya, ka je ka sare rabin naka ka kawo, ka kuma hana ta dafa wa masu ɗauka komai, ka ce Sennang ta riga ta ɗora. Sennang ba ta ɗora ba. A guje ka zo kana roƙon ta, ta kuwa wanke ka tas kafin ta hura wuta.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne na La Beddu tela. Shi daga arewa, wato sabon lardi, ya ce zai komo kudu. Hujjarsa, tsohon lardi na da wakilai sama da ashirin a majalisar ƙasa, sabon kuwa a yatsun hannu ɗaya ake ƙirga nasa, kuma taron da ya fi yawa shi ake saurara in ana rabon hanya da asibiti. Ranka ya ɓaci, kowa ya gani. Amma ka je ka ƙwanƙwasa dirkokinsa kamar na kowa, ka gano ɗaya da gara ta cinye, ka sauya masa ita da hannunka. Da matasa suka ce maka don me za ka taimaki mai guje wa lardinku, ka ce, "Gida ba shi da jam'iyya. Ku shiga ƙasa ku daina surutu."

Naka gidan kuwa bai motsa ba, domin yayata ta ƙi. Ta ce a gindin kwakwar bayan gidan aka binne cibiyarta, rijiyar uwarta tana nan, ita ba kabad ba ce da za a ɗaure ta a bango a yi gaba da ita. "Bayan raina," ta ce maka, "ka kai shi har Jakarta in kana so." Ba ka sake tayar mata da maganar ba. Mutumin da ke tayar da gida da murya ɗaya, ya kasa tayar da mace ɗaya daga tabarmarta, kuma ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba.

Ranar zaɓe sai mu tafi rumfar kudu tare. Kai da ba ka yarda ƙusa ta shiga jikin gida, sai turaku na itace, kakan ce ƙusar da ake huda takardar ƙuri'a da ita ce kaɗai ƙusar da kake ganin girmanta. Ka huda, ka tsoma ɗan yatsa a tawada, sannan ka fito ka tsaya a bakin rafi kana kallon rumfar can hayi, inda mutanen da ka ɗauke wa gidaje suke layi. Ni dai na san abin da ke ranka, ina kuma jin tausayinka duk da gardamar da nake maka.

Da shekaru suka ja, sai tunaninka ya ƙara nisa. Ka zauna da adda kana zana ƙasar nan a turɓaya, kana sake yanka ta. In aka raba Jawa gida goma fa? In kowane tsibiri ya zama lardin kansa, wa zai ci shugabanci? In aka mayar da mu duka lardi uku, wa zai ƙara tunawa da masunta? Wata rana ka ba ni labarin mafarkin da ka yi a barcin rana. Ka ce ka ga gidajen ƙasar nan duka sun miƙe da ƙafafunsu ba mai ɗauka, kowanne ya nufi inda ransa ke so, wasu suna ratsa teku ruwa iya gwiwa, masu shata iyaka kuma suna bin su a baya da igiyar awo suna haki. Ka yi ta dariya har da hawaye. Na tambaye ka ina naka gidan ya nufa. Ka ce naka yana nan tsaye, Sennang tana shara a ƙarƙashinsa.

Shekara biyu ke nan da rasuwarta. Na zaci ranin farko za ka tashi, ba ka tashi ba. Ka ce gidan bai gama jin ƙamshin girkinta ba. Sai bana, da fari ya tsananta har rafi ya ƙafe ƙaf, zaɓen shugaban ƙasa kuma ya matso, ka kira ni ka ce lokaci ya yi, kana son ka huda takarda sau ɗaya a can kafin ka mutu. Na ji haushi ƙwarai, kuma na faɗa maka. Gidan nan shi ne abin da ya rage mini na yayata, a kan matakalarsa nake shan shayin safe tun ina saurayi. Ka saurare ni har na gama, ka ce, "Ndi, ka yi haƙuri. Na jira ta, ba zan iya jiran ka ba."

Mazan da aka yi wa shela don ɗaukar gidanka sun zo ranar Juma'ar nan, daga gaɓa biyu, har da La Beddu da sandarsa. Su ne suka ɗauke ka a kafaɗa, suka ratsa busasshen rafi da kai zuwa masallaci, daga nan zuwa maƙabarta. Abincin da aka dafa wa masu ɗauka shi masu zaman makoki suka ci.

Bayan addu'ar bakwai, dattawa suka ce a kwance goran, tunda mai son tafiyar ya riga ya tafi. 'Yarka Rosmiati, wadda ita da mijinta da yaranta ke zaune a gidan tare da kai, ta zo ta same ni.

"Amure," ta ce, wato kawu, "kai ne babba yanzu, filin ma naku ne. A kwance ko a ɗauka? In ka ce a bari, wallahi ba zan ƙara magana ba."

Na ce, "Ke me kike so?"

"Ni dai ina so in jefa ƙuri'ar nan a can."

Daeng, da na ce a kwance, ba wanda zai zarge ni. Na daɗe ina kallon ƙullin da ka yi a jikin goran, irin naka da ba wanda ya iya. Na ce a ɗauka.

Da aka sauko Juma'a muka shiga ƙarƙashi, kowa ya nemi tsaransa a tsawo ba tare da an gaya masa ba. Muka sa kafaɗa, muka tsaya jira. Sai a lokacin muka gane kowa muryarka yake jira. Ba wanda ya iya fita ya tsaya a wurinka. Muna nan a sunkuye, sai Rosmiati ta matso daga cikin mata, ta yi kiran da muryar da kuka ya dusashe. Gidan ya miƙe. Ya ɗan karkata a gangaren rafi, aka yi salati, ya daidaita. Kafin la'asar mun sauke shi a bayan masallaci, ƙofarsa tana kallon kudu, kamar yadda Rosmiati ta ce a ajiye shi.

Ni kaɗai na komo wannan gaɓar da yamma. Shekara da shekaru gidanku ne ke tare mini rana ban sani ba. Yanzu da gari ya waye take faɗowa ɗakina har kan shimfiɗa, ta tashe ni, in rasa inda zan kai kofin shayina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Rosmiati da mijinta Hasanuddin da jikokinka, da 'yan'uwanka na Pinrang, da duk wanda ya taɓa kwana a gidan da ka ɗaga, arewa da rafi da kudu da shi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙan ka, Daeng, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sauƙaƙa maka nauyin hisabi kamar yadda ka sauƙaƙa wa bayinsa nasu. Ya haɗa ka da Sennang a gida ɗaya a Aljanna, inda ba mai cewa a tashi. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.