Sunan Garin Ɗansa

A shekarata ta biyu ta karatu a Riyadh, mutum ɗaya ne kawai nake hira da shi da Hausa ido da ido. Wani dattijo ne ɗan Maraɗi, mai tuƙa ƙaramar motar ɗaukar kaya a kasuwar Utaiƙa. Duk Juma'a bayan la'asar nakan taso daga ɗakina a unguwar Suwaidi in je sayen dabino, shi kuma ya kira ni mu zauna a bayan motarsa mu sha shayi. Shi ke magana, ni ina saurare. Hakan ya yi mini daidai, don ko a aji sai an kira ni nake buɗe baki.

Wata Juma'a ya ciro wayarsa ya nuna mini hoton wani saurayi cikin rigar sanyi, bayansa teku mai ruwan toka.

"Babban ɗana ke nan," in ji shi. "Yana Ingila, wani gari wai shi Blackpool. Kai da ka cinye littattafai, mece ce ma'anar sunan?"

Na sani. Baƙin tafki ke nan. Amma na ji nauyin in gaya wa uba cewa ɗansa na zaune a baƙin tafki, ba tare da na san dalilin sunan ba. Kuma ni ba na son faɗin abin da ban tabbatar ba.

"Baba, bari in bincika tukuna."

"Bincike kuma? Malam ƙarami, sunan gari ne fa, ba rabon gado ba!"

Ya yi dariya har shayi ya zubo masa a riga. Da dariyar ta lafa sai ya ce yaron ya daɗe bai kira ba. "Ni ba zan taɓa zuwa can ba. In na san abin da sunan ke nufi, kamar na leƙa garin ne."

Na koma na duƙufa. A ɗakin karatu na gano cewa wani rafi ne da yake ratsa fadama mai baƙar ƙasa, ruwansa ya rine kafin ya faɗa teku, shi ya ba garin suna. Na kuma gano cewa in Bature ya ambaci sunan, ba ya tuna wani tafki. Hutun masu ƙaramin ƙarfi yake tunawa, da fitilu jere a bakin ruwa, da jakunan da yara ke hawa a kan yashi. Na rubuta shafi biyu da boko. Sai na tuna Baba ajami kaɗai yake karantawa, na sake kwafewa a hankali, wasali bayan wasali. Zancen jakuna na ajiye shi a ƙarshe, don na san nan zai yi dariya.

Juma'a uku ban je kasuwa ba. Kunya nake ji in bayyana gabansa aikin bai kammala ba.

A ta huɗu na ninke takardar na tafi. Wata mota na tarar a wurin tasa. Na zagaya rumfuna sau biyu kafin na iya tambayar mai dabinon da ke kusa, wani mutumin Yaman.

"Tsohon nan?" ya ce da Larabci. "Ya tafi gida. Iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar nan, ta ƙare, ba a sabunta ba. Kai ne ɗalibin? Ya yi ta tambayarka. Ya ce ko tambayarsa ce ta kore ka."

Ba ni da lambarsa. Ban taɓa nema ba. Ko sunansa ban sani ba, Baba kawai nake ce masa.

Na sayi dabinon da na saba saye na koma Suwaidi. Takardar tana nan cikin ƙamusuna har yau. Wani lokaci nakan ciro ta in karanta da ƙarfi a ɗaki, in na zo wajen jakunan in ɗan dakata.