Mai tafiretar da ta ƙi goge sunana

Ranar Laraba, sha huɗu ga Mayu, ina tsakiyar zagayen marasa lafiya 'yarki ta kira ni ta ce kin cika da hantsi, bayan jinyar wata uku. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Na ƙarasa zagayen, don na san abin da za ki ce in yi ke nan.

Shekara talatin da ɗaya kika yi a ofishin makarantar koyon jinya, kowa Gwaggo yake ce miki, har waɗanda suka girme ki. Allura da zare ba sa rabuwa da aljihun teburinki saboda ɗaliban da maɓallinsu ya tsinke. Iyayen da ba su iya karatu ba ke kike cike musu fom, kina yi kina faɗa, kin gama ki raka su bakin ƙofa.

Ni 'yar mai facin taya ce. Shekarar da na zauna jarrabawar shiga, mutum arba'in za a ɗauka, na zo ta talatin da takwas. Daga ranar da na ga sunana a allon sanarwa na cika wa mutane kunne: ƙasar nan ba ta tambayar ɗan wane ne kai, ƙoƙarinka kawai take dubawa, ga ni nan shaida. Shekara goma sha biyar ina wannan wa'azi.

Sai aka kwantar da tsohon masinjan ofishinku a ɗakin da nake aiki, shi ya warware mini komai. Ashe shugaban makarantar ya aiko miki da 'yar takarda mai sunaye uku, ya ce ki cire ukun ƙarshe ki sa waɗannan, ki sake bugawa. Kika ce to. Yana shiga taro kika ɗauki jerin farko mai hatimi, kika manna a allo, kika kulle gilashin. Kafin ya fito iyaye sun gani, ba damar sauyawa. Sati na zagayowa aka mayar da ke sito, ɗaki ba taga, tsakanin tsofaffin fayil. Shekara goma sha tara kika yi a can ba ƙarin girma.

Na same ki a gida kina tsintar shinkafa. Na ce, "Gwaggo, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

Kika ce, "In gaya miki me? Ke kika ci jarrabawarki. Ni bugawa kawai na yi."

Na ce ashe ƙarya ƙasar take yi mana. Kika ce, "Ba ƙarya ba ne, 'yar nan, mantuwa gare ta. Sai an samu mai tuna mata."

Akwai abin da na ɓoye miki. Yanzu ina cikin kwamitin ɗaukar ɗalibai na makarantar. Bara aka miƙo mini irin waccan takarda, suna ɗaya, na cire yarinyar da ta zo ta arba'in. Na ce wa kaina ina da 'ya'ya a makaranta. Sau uku na zo duba ki a asibiti, na gyara miki ƙarin ruwa, na fito ban gaya miki ba. Kunya nake ji, Gwaggo, har yau.

Yarinyar ta sake zama bana, ta kuma ci. Jerin yana hannuna, wata takardar ma ta iso. Ranar Litinin zan manna shi yadda yake.

Ina yi wa 'yarki, jikokinki da ƙannenki ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya yalwata miki kabarinki ya haskaka shi. Ni kuma ya ba ni zuciyar da za ta kai ni Litinin.