Nishin da Yaya Ba Ta Yi Ba

Yayata tela ce, kuma duk layinmu ba wanda bai san ƙarar kekenta ba. Falonta shi ne shagonta: keke a bakin taga, teburin yanka a gefe, sai kwandon ƙyallaye da yarana suka tashi suna birgima a ciki. Kallo ɗaya za ta yi miki ta san awonki, tef ɗin da ke wuyanta kusan na ado ne. Ga ta da baki. Mace ta kawo riga ta ce ɗinkin ya matse, sai Yaya ta ce, "Rigar tana nan yadda na ɗinka ta, ke ce kika ƙi barin tukunya ta huta."

Ita ce babba, amma ni na riga ta goyo. Haihuwa ba ta taɓa ba ni wuya ba, biyar na yi, har Yaya na yi mini tsiya wai ko atishawa na yi da ƙarfi sai an nemo zanen goyo. Ita kuwa ciki bai taɓa yi mata gardamar shiga ba, zama ne ba ya yi. Sai ya kai wata biyar, ya fara motsi, ta fara fara'a, rana ɗaya nishi ya zo mata ba sallama. Sau uku ana haka kafin wani likita ya ce bakin mahaifarta ne ba shi da ƙarfi, da ɗan ya fara nauyi sai ya buɗe da kansa.

Mutane ba su ji wannan bayanin ba, ko kuma sun ji bai yi musu daɗin faɗa ba. Wasu suka ce taka keke ne. Uwar mijinta, wadda ba muguwa ba ce, ta zauna a bakin gado bayan ɓari na uku, ta riƙe hannun Yaya ta ce, "'Yar nan, da kin daure kin matse ƙafafunki, ai da ya zauna. Ba da an ji abu a ƙasa ake nishi ba." Matar da ta haifi bakwai ce fa ta faɗi haka. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi, don ita ma ta san ba haka ba ne, ta manta ne kawai. Maganar ta shige Yaya, ba ta kuma fita ba.

Ciki na huɗu ya zo tana dab da arba'in, bayan duk mun cire rai. Wannan karon aka yi mata ɗinki a bakin mahaifa tun da wuri, aka tsuke shi kamar bakin jaka. Da ta farfaɗo, tambayarta ta farko ita ce wane irin zare suka sa, wai ba ta yarda da aikin kowa ba. Likita ya ce ta kwanta, ba aiki, ba ɗaukar ko bokiti. Idan aka lallaɓa cikin ya shiga wata bakwai, ko ya fito akwai kwalbar da ake sa bakwaini. Wata bakwai ɗin nan shi ne duk abin da muke nema a duniya.

Mijinta direban tifa ne, mutum marar magana. Ya dawo da bulo biyu daga wurin aiki, ya ɗaga ƙafafun gadon ta wajen sawu, yadda kanta zai yi ƙasa, nauyi ya bar mararta. Aka lulluɓe keke da tsohon zane. Na riƙa zuwa kullum da safe in yi mata shara da girki, ita tana kwance a karkace tana sa maɓalli da kalmasa da hannu, don zaman banza zai iya haukata ta.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda ta koma tsoron jikinta. Ta hana kanta tari. Atishawa ta taso, sai ta toshe hanci har hawaye ya fito. Ita da ba ta minti biyar ba ta ba mutum dariya ba, ta kafa doka ba mai ba ta dariya a ɗakin. Banɗaki kuwa ya zama mata abin fargaba, don ta ce farkon nishin haihuwa da jin bayan gida ba su da maraba. Sai ta rage cin abinci don kar ta buƙaci shiga. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce in ƙyale ta. In ya zama dole, ni ke tsayawa a bakin ƙofa.

"Yi mini magana," za ta ce daga ciki. "Ko me ne ne, kar dai ki yi shiru."

Sai in yi ta ba ta labarin farashin kayan miya da rashin jin yarana har ta fito tana dafa bango.

Muka wuce wata biyar, inda sauran suka tsaya. Muka shiga na shida. Ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan, har ta ɗinka wata 'yar hula da hannu, ta gwada ta a kan lemo. Mijinta ya gani ya kau da kai, amma na ga bakinsa yana motsi.

Da hantsi ne, ina wanki a bayan ɗaki, na ji ta kira ni a hankali, irin kiran da ake yi wa mutum ya miƙo almakashi. Na shiga na tarar katifa ta jiƙe. Faya ta fashe.

"Ya zo," ta ce. "Amma ba zan yi ba."

Mijinta yana can wajen ɗibar yashi. Maƙwabcinmu mai tasi ya ɗauke mu, ta kwanta a kujerar baya, na ɗora ƙugunta a cinyata na ɗaga. Tana ta haki da baki a buɗe, gajere-gajere, yadda nas ta koya mata. Idan abin ya taso sai in ji cikinta ya ƙulle a hannuna kamar dutse, wani gurnani ya fito daga maƙogwaronta wanda ba muryarta ba ce. Ta cusa gefen ɗankwalinta a baki ta cije. Jijiyoyin wuyanta duk suka tashi. Ban taɓa ganin mutum yana kokawa da kansa haka ba.

A asibiti suka ce dole a kwance ɗinkin, in ba haka ba zai yage ta. Ta roƙe su kar su taɓa, ta ce za ta iya riƙewa, a ba ta sati biyu kawai. Ungozomar, wata dattijuwa, ta shafa goshinta ta ce, "Baiwar Allah, ki bi shi. Wannan ba a hana shi." Yaya ta girgiza kai, ta haɗe gwiwoyinta, ta ci gaba da haki. Ina tsaye a kanta, na ga lokacin da jikin ya yi abinsa ba da ita ba.

Namiji ne. Bai fi tafin hannuna da 'yan yatsu ba. Ya motsa ƙafa, ya buɗe baki, ba sauti. Ba a ma kai ga maganar kwalba ba.

Yaya ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. "Kin gani da idonki, ko? Ban yi ba. Ki faɗa musu ban yi ba."

Na faɗa. Na faɗa wa mijinta, na faɗa wa uwarsa, na faɗa wa duk wadda ta zo jaje, har aka fara yi mini kallon mai taɓin hankali. Kowa sai ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya sauya zance. Ba wanda ya ƙaryata ni, ba kuma wanda ya je ya ce mata ya yarda.

Ciki bai sake shiga ba. Ta yaye zanen kan keke ta koma aiki, bakin nan nata ya dawo, amma rabi. Bulo biyun suna nan ƙarƙashin gadon har yau. Mijinta ya taɓa sunkuyawa zai cire, ta ce ya bari, ta saba barci a haka.

Kwanan baya babbar 'yata, wadda muke kira Ƙyalle don a kwandon Yaya ta yi rarrafe, ta kawo riguna a buɗa mata, cikin fari ya tsufa. Tana tsaye ana gwaji ta tambaye ni yadda ake gane lokacin nishi ya yi. Na ce, "In ya zo za ki sani." Iyakar abin da na sani ke nan. Sau biyar na bi shi da gudu, ban taɓa tsayawa na kalle shi ba.

Yaya tana durƙushe tana kafa allurai a gefen rigar. Ta zare na bakinta ta ce, "Da fari za ki ji kamar bayan gida ne ya matse ki, nauyi can ƙasa ta baya. Sai ya wuce nan. Kin san yadda amai ke tasowa, ba ya neman izininki? To haka ne, sai dai shi ƙasa yake yi. Numfashinki zai tsaya da kansa, haƙarƙarinki ya danna, ki ji wani sauti a ɗakin ki rasa na wane ne, ashe naki ne. Yana lafawa ki samu ki sha iska, sai ya dawo ya fi na baya. Ba ke kike yi ba, 'yata, yi ake da ke. Kar ki yi gardama da shi, ba a cin nasara."

Ƙyalle ta dubi Yaya tana shafa cikinta. "To Inna, idan ya fito fa? Wai da an ji kukansa duk wahalar take gushewa?"

Yaya ta mayar da allura baki, ta ja gefen rigar ta daidaita.

"Wannan ki tambayi uwarki," ta ce. "Juya in ga bayan."