Daminar Da Kurkunu Ya Kwantar Da Mazan Karare

Wata safiyar Laraba, a daminar shekarar da aka yi canjin hannun tuƙi, na tsaya a bakin gonarmu ta Karare ina kallon ciyawa ta shanye gero har ba a rarrabe kunya da kwari. Ban wuce shekara tara ba. Mahaifina na kwance a zaure, ƙafarsa ta kumbura suntum, an naɗe kan kurkunu a jikin tsinke ana janyo shi kaɗan-kaɗan. Ba shi kaɗai ba ne, kusan duk majiya ƙarfin unguwarmu ciwon nan ya kayar da su, domin tafki ɗaya muke sha. Wanda kuwa noman fari ya wuce shi, ya san rumbunsa zai kwana da yunwa.

A al'adarmu namiji ke kiran gayya, maza ke amsawa. Aikin mata shi ne binne iri ranar shuka, da kai fura gona, da roron gyaɗa idan kaka ta yi. To, ga mai kiran a kwance, ga masu amsawar a kwance. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta bi gida-gida da kanta. Washegari bayan asuba sai ga mata sun fito da fartanyun mazajensu, sun ɗaure zane tamau, wasu da goyo. Gwaggo Delu, ƙanwar mahaifina, ta leƙa zaure ta ce, "Yaya, ku zauna ku yi ta kaɗin zarenku, yau mu ne mazan." Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Gona bayan gona suka bi, tamu da ta maƙwabta. Mu yara muna kawo ruwa a tulu, muna rainon jarirai a gindin gawo, muna wasan langa idan ido ya bar kanmu. Babu gangar noma, sai waƙar daka suka mayar ta gona. Na ga tafin hannun Inna ya yi kanta ya fashe, ta shafa man kaɗe da yamma, ta kuma tuƙa tuwo kamar ba ita ta wuni a duƙe ba. Takan ce, "Ciyawa ba ta san maigida na jinya ba."

Gero ya yi, dammuna suka cika rumbu. Sai mutane suka riƙa zuwa suna cewa, "Malam, barka da arziki, gonarka ta yi kyau." Maroƙi ma ya zo ya wasa shi. Mahaifina mutum ne mai gaskiya, ya so ya faɗi abin da ya faru, amma alkunya ba ta bari namiji ya yabi matarsa a bainar jama'a, balle ya ambaci sunanta. Iyakar abin da ya iya cewa shi ne, "Mutanen gida sun yi ƙoƙari." Inna tana bayan danga tana sheƙe hatsi. Da wannan kalma ɗaya aka sallami daminar nan gaba ɗayanta.

Shi ya sa duk ranar takwas ga watan Maris, idan rediyo ta ce yau Ranar Mata ce ta Duniya, tsofaffin majalisarmu a Batsari suka ce baƙon abu ne, nakan saɓa musu. Alkunya ado ce, ban ƙi ba, amma ta riƙe mana godiya da yawa a ciki. Ranar nan dalili ce da ke kwance bakin mai nauyin baki. Bara jikata, wadda ke koyarwa a Safana, ta gayyace ni makarantarsu, na ji 'yan mata suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna ambaton iyayensu mata da abin da suka yi, har da waɗanda suka riƙe gidaje a shekarun nan na rashin kwanciyar hankali. Iyayen suna zaune a kan tabarma, suna rufe fuska da mayafi suna dariya.

Kurkunu ya tafi, rijiyoyin burtsatse sun zo, Inna kuwa ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa zama a irin wannan tabarma ba. Sunanta Hajara. A gode wa mutum tun kunnensa na ji.