Gurasar da Usta Barot Ya Kai Bariki

Shekara talatin Usta Barot yana gasa gurasa a unguwar majema ta Bukhara, shekara talatin kuma yana jin haushin Hamrokul, mai tanderun tsallaken kududdufi. Ba su taɓa faɗa ba. Kawai in aka yabi gurasar Hamrokul a gabansa, ranar ko shayi ba ya masa daɗi.

Da aka kwana huɗu ana yi wa garin ruwan wuta, sarki ya gudu, rumfunan kasuwa suka zama toka. Tanderu kuwa yumɓu ne, ya saba da wuta, don haka na Barot da na Hamrokul duk suka tsira. Sai sojojin da suka ci garin suka fito neman mai gasa musu. Suka wuce ƙofar Barot, suka tasa ƙeyar Hamrokul zuwa bariki.

Kowa ya tausaya wa Hamrokul, ban da Barot.

"Ta ƙofata fa suka wuce," ya ce wa matarsa Mohira. "Wa ya gaya musu ya fi ni?"

"Baban Zebo, ka gode wa Allah. Kama shi aka yi, ba sarauta aka ba shi ba."

"To ni me na rasa da ba a kama ni ba?"

Ran nan ya ga wani soja yana gatsar gurasa, gefe a ƙone, ciki ɗanye. Duk unguwa an san da gangan Hamrokul yake ɓata aikin don a gaji a sallame shi. Barot ma ya sani sarai, amma hassada ta hana shi zama. Ya kwaɓa ragowar garinsa mai kyau da madara, ya barbaɗa riɗi, ya gasa, ya kai bariki da ƙafarsa.

"Ɗanɗana ka ji yadda ake gurasa a garin nan," ya ce wa babban sojan.

Kafin la'asar Hamrokul yana gida cikin iyalinsa. Barot kuwa sai da ya shekara uku yana ciyar da waɗanda suka ƙone unguwarsu.

Da ya dawo ba wanda ya zage shi. A gaishe shi da kyau, a wuce da faranti tsallaken kududdufi a sayo gurasar Hamrokul.

Ranar baikon 'yarsa Zebo, dangin ango suka kawo gurasar da za a karya a gaban dattawa. Barot yana buɗe ƙyallen da aka naɗo ta ya gane zanen tsakiyarta, na Hamrokul ne. Aka miƙa wa uban yarinya gutsuren farko. Ya tauna a hankali yana neman aibu, ko na gishiri ko na gashi, dattawa sun ɗaga hannu suna jiransa su yi addu'a. Har ya haɗiye bai samu ba.