Matar da ke Yi wa Allolin Girkawa Gyara

Ina zaune a ɗakin jira na tashar jirgin ƙasa, bayan an sallame ni daga intabiyu ba a ko duba takarduna ba. Kusa da ni wata mata ce mai kusan shekara arba'in, gilashinta ɗaure da zare, takalminta ɗaya a cire. Ta ɗora waya a cinya, ta ƙure murya, tana karanta wa wata littafin 'yan mata, irin mai matsafa da allolin Girkawa. Na san shi, na karanta shi ina sakandare.

Rabin karatun sharhi ne. "Auta, kina ji? Babban nasu mai tsawa ya sake rikiɗa ya zama sa don ya bi 'yar mutane. Tsohon banza, ga matarsa a gida!" Wata siririyar dariya na fitowa daga wayar, tari na biye da ita. Daga hirarsu na gane ƙanwarta ce, ana shirin shiga da ita tiyata, jirgin kuma ya makara.

Sai ga ta a babin da ƙaramar 'yar'uwar tauraruwar littafin ke mutuwa. Idonta na riga bakinta isa ƙasan shafin. Ta lashi yatsa, ta haɗa shafuka da yawa ta juye.

"Yaya, me ya sami ƙaramar?"

"Me zai same ta? Ta warke, har ta nemi ƙarin abinci. Ke dai saurara."